HTML, Python ko Flutter: Da Wanne Zan Yi Wa Shagon Kawuna Manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Na yi kwas na koyi HTML da CSS, har na haɗa shafi mai kyau. Kawuna yana sarin kayan masarufi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya ce in yi masa manhajar da za ta riƙa lissafin kaya da masu bashi. Wani abokina ya ce HTML ba yaren shirya manhaja ba ne, ɓata lokacina kawai na yi. Wani ya ce in koyi Python, wani ya ce Java, wani ya ce Flutter ake yayi. Laftof ɗina mai RAM 4GB ce. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokin naka ya yi gaskiya a rabin maganarsa, ɗaya rabin kuma ya zarme. Da HTML kaɗai ba za ka iya yi wa Kawu lissafin ko kwabo ba, wannan haka yake. Amma cewa ka ɓata lokaci, a'a. Abubuwan da aka jero maka ba kishiyoyin juna ba ne da za a ce sai an zaɓi ɗaya a saki sauran. Aikinsu ne ya bambanta, kuma manhajar da kake son yi za ta ci aƙalla yaruka uku a lokaci guda.

Duba waɗannan layuka biyu, irin waɗanda ka saba rubutawa:

<h1>Masu Bashi</h1>
<p>Shinkafa buhu 3, sukari buhu 2, jimilla buhu 9</p>

Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, za ta nuna maka su tsaf, har da "jimilla buhu 9" ɗin, ba za ta ce uffan ba. Abin da ka gaya mata shi ne layin farko kanu ne, na biyu sakin layi ne. Ba ta san 3 lamba ce ba, balle ta tara. Duk yaren alama aikinsa ke nan: ya lanƙaya wa rubutu shaida, wannan take ne, wannan hoto ne, wannan gurbin cikewa ne, sai wata manhaja daban ta karanta shaidar ta yi aiki da ita. Yanzu duba wannan, a JavaScript:

if (bashi + sabonKaya > 500000) hanaKaya();

Nan an riƙe wata ƙima da ke canzawa, an yi lissafi, an yanke hukunci. Idan ka ƙara da iya maimaita aiki a kan mutum ɗari ɗaya bayan ɗaya, ka sami abubuwan da ke mai da yare ya zama na shirya manhaja: tunawa, sharaɗi da maimaici. Ka ɗauki littafin bashin da ke shagon Kawu yanzu. Layukan da aka ja, gurbin suna, gurbin kwanan wata, gurbin kuɗi, su ne HTML. Kyan takardar da kalar biro su ne CSS. Yaron shagon da ke tarawa, yana debewa, yana cewa "Alhaji, wane fa bai biya na makon jiya ba", shi ne yaren shirya manhaja. Kai ka ja layukan, saura ka samo yaron.

Za ka gamu da masu gardama su ce ai HTML yana iya hana a tura fom in ba a cike wani gurbi ba, CSS kuma yana ɗan lissafin faɗi da tsawo, yana ma canza tsarin shafi in allon waya ne. Gaskiya ne, iyakar ba ta miƙe kamar an ja da rula ba. Sai dai a can ma burauzar ce ke aikin, ita kuwa da yaruka irin su C++ aka gina ta. Kada ka zauna musu a kan wannan, ba ya kawo ko sisi.

Abin da ya sa na ce ba ka yi asara ba shi ne, alama tana ko'ina a wannan sana'a. Tun 1969 wasu injiniyoyin IBM suka fito da yaren alama mai suna GML don tsara takardu, daga gare shi aka sami SGML a 1986. A kan tsarin SGML ɗin ne Tim Berners-Lee ya ɗora HTML wajen 1990, yana aiki a cibiyar binciken CERN da ke Switzerland, don masana kimiyya su riƙa haɗa takardunsu da juna. Wasu yarukan alamar suka biyo baya, XML a 1998, Markdown a 2004. Taurarin da kake sa wa kalma a WhatsApp don ta yi kauri, alama ce ita ma. Ka ɗauki kowace takardar Word mai ƙarewa da .docx, ka canza ƙarshen sunanta zuwa .zip ka buɗe: XML ne fal a ciki. Shekaru da yawa fuskar manhajojin Android da XML ake zana ta, har yau ma akwai dubbai masu tafiya a haka. React da ake ta kururutawa, wato kayan aikin gina fuskar manhaja, rubutunsa alama ce mai kama da HTML aka cusa cikin JavaScript. Wanda ya iya HTML da kyau, ba wai ya haddace alamomi goma ba, ya riga ya wuce wani mataki da masu tsallakewa kai tsaye zuwa Python ke dawowa su taka daga baya.

Akwai wata ɗabi'a da HTML ya koya maka wadda sai ka yar. Shi yare ne mai yafiya. Ka manta ba ka rufe alama ba, burauza za ta yi ta-maza ta gyara maka, shafi ya fito. XML ba ya wannan rangwamen, kuskure ɗaya ya ƙi buɗewa. Yarukan shirya manhaja kuwa kowanne da halinsa, kuma a nan ne kwatanta su yake da amfani, ba a wajen wane ya fi suna ba.

Bari in nuna maka da abin da zai same ka tabbas. Duk abin da mutum ya rubuta a gurbin fom ɗin HTML, a matsayin rubutu yake isowa, ko da lambobi ne. A ce ana bin wani naira 5000, ya ƙaro Maggi na 200. Idan ka haɗa "5000" da 200 da alamar tarawa a JavaScript, amsar da za ka samu ita ce 5000200, domin ya ɗauka manna rubutu kake so. Ba zai yi ƙorafi ba, ba jan layi, ba komai. Mutumin naira dubu biyar ya wayi gari ana bin sa miliyan biyar. Python a wannan wuri tsayawa zai yi cak, ya ce ba ya haɗa rubutu da lamba, amma sai aiki ya iso kan layin, wato watakila a gaban mai sayayya. PHP zai juya rubutun ya zama lamba ya ba ka 5200, wanda ya yi daidai yau, gobe kuma wannan saurin fahimtar tasa ta ɓoye maka wani kuskuren. Java da Kotlin za su manna kamar JavaScript, sai dai da zarar ka ce a zuba sakamakon a ma'ajin da ka ware wa lamba, manhajar ba za ta ma haɗu ba sai ka gyara. Dart, wanda shi ne yaren Flutter, tun kana rubutawa zai ja maka jan layi. To ka ga bambancin: wasu suna tilasta maka faɗin nau'in kowane abu tun farko, su kama kuskurenka kafin kowa ya gani, kai kuma ka biya da yawan rubutu. Wasu suna sakar maka mara, ka yi sauri, kuskuren ya jira ka a kasuwa. Don toshe wannan ɓarakar ne Microsoft ya fito da TypeScript a 2012, JavaScript ne da aka ɗora wa binciken nau'i. Ba yanzu za ka taɓa shi ba, amma ka sa shi a rai.

Wata matsalar kuma duk sun yi tarayya a cikinta. Buɗe burauza, danna F12, ka rubuta 0.1 + 0.2 a wurin gwaji mai suna Console. Za ka ga 0.30000000000000004. Python ma haka zai ba ka, domin laifin ba na yaren ba ne, yadda kwamfuta ke ajiye lambobi masu ɗigo ne. Shi ya sa masu manhajar kuɗi ke ajiye komai da kwabo, cikakkiyar lamba ba ɗigo, sai wajen nunawa a raba da 100. Ko Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, in za ka tura masa adadin da za a cira, da kwabo yake karɓa.

Yanzu zaɓi. Tambayar farko ba "wanne ya fi" ba ce, a ina manhajar za ta yi aiki?

In a cikin burauza ne, babu wani zaɓi, JavaScript ne. Brendan Eich ya rubuta shi a kamfanin Netscape a 1995, cikin gaggawa, kuma wasu daga cikin halayensa marasa kan gado gadon wannan gaggawar ne. An yi masa babban gyara a 2015, saboda haka ka guji darussan da suka girmi wannan shekara. Ba shi da dangantaka da Java, wanda Sun Microsystems ya fitar a shekarar 1995 ɗin, neman kasuwa ne ya sa sunayen suka yi kama.

In a sabar ne, wato kwamfutar da ke can tana ajiye bayanai tana amsa buƙatu, nan ne kasuwa ta buɗe. PHP ya fi kowa sauƙin ɗorawa, kusan duk masu ba da hayar wurin shafi masu araha sun tanade shi, kuma a kansa WordPress, manhajar gina shafuka, yake, wanda ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet. Matasa suna raina shi, su kuma masu yi wa makarantu shafin duba sakamako suna ta cin abincinsu da shi shiru. Python, na Guido van Rossum, 1991, ya fi su daɗin karantawa, kuma in burinka nazarin bayanai ne ko ƙirƙirarriyar basira, can za ka ƙare. Java da C# nauyinsu ya fi, a bankuna da manyan kamfanoni aka fi samunsu, inda mutum hamsin ke taɓa kod ɗaya kuma tsaurin yaren ne ke hana su tattake juna. Sannan tun 2009 akwai Node.js, wanda ya fito da JavaScript daga burauza ya kai shi sabar.

In a waya ne kai tsaye, Android yana tafiya da Kotlin ko Java, kuma tun 2019 Google ya ce Kotlin ne a gaba. iPhone na Swift ne, shi kuma sai kana da kwamfutar Apple, ka cire shi a lissafi. Flutter ba yare ba ne, kayan aiki ne da Google ya fitar da cikakkensa a Disamban 2018, ka rubuta sau ɗaya da Dart ya fito a Android da iPhone. Abu ne mai kyau, ina amfani da shi. Amma Android Studio, manhajar da ake gina manhajojin Android da ita, wanda da wuya ka kauce masa a wannan hanya, 8GB yake nema a ƙalla, kuma da 4GB za ka danna ka je ka yi alwala ka dawo bai gama ba. Ga saukar da kayansa da ke lashe data. Ana iya lallaɓawa da manhajar rubuta kod mara nauyi irin VS Code da wayar gaske a jone da kebul, amma mai koyo da ke fama da sharaɗi da maimaici bai kamata ya haɗa da faɗa da na'ura ba.

C da C++ da Rust da Go ka bar su tukuna. Za a ce maka sun fi sauri, kuma gaskiya ne, a tsantsar lissafi C yana yi wa Python fintinkau. Amma shagon da ke da 'yan dubban layukan ciniki, kowane yare zai tara su kafin ka ɗaga yatsa daga maɓalli. Abin da ke sa manhaja nauyi a wajenmu sabis ne da manyan hotuna, ba yare ba.

Akwai wanda babu ko ɗaya cikin masu ba ka shawara da ya ambata, kuma shi ne ƙashin bayan aikin Kawu: SQL, yaren rumbun bayanai, wanda aka fara a IBM a shekarun 1970. Yana tsaka-tsaki ne, kana faɗa masa abin da kake so, shi ya nemo hanyar. "Kawo mini duk wanda bashinsa ya wuce dubu ɗari kuma bai biya komai ba cikin kwana 30", layi huɗu ko biyar ne a SQL. Duk yaren da ka ɗauka, sai ka bi ta kansa. Yarukan yayi suna zuwa suna wucewa, shi yana nan.

Ga abin da zan ce ka yi, ba kwana-kwana. Ka ɗauki JavaScript, domin yana zama kai tsaye a kan HTML ɗin da ka iya, laftof ɗinka za ta ɗauke shi ba nishi, kuma da shi ɗaya za ka rubuta fuska da sabar. Ka haɗa da SQL ta hanyar SQLite, rumbun da duk bayanansa fayil ɗaya ne, wanda yake cikin kowace wayar Android da ke aljihun mutanen kasuwar nan. In ka ga Node.js ya yi maka tsauri, PHP da rumbun bayanai na MySQL ba abin kunya ba ne. Akwai kuma dalilin da ba na fasaha ba: ranar da ka tafi bautar ƙasa ko ka sami aiki a Abuja, wa zai gyara wa Kawu in abu ya tsaya? Mai JavaScript ko PHP ba zai yi wuyar samu ba a garin nan, tsakanin ɗaliban Kadpoly da KASU da masu zuwa cibiyar fasaha ta CoLab a Barnawa. In ka rubuta da wani baƙon yare don burgewa, ka ɗaure Kawu a ƙafarka.

Amma wane yare, wannan ƙaramar magana ce in aka kwatanta da sanin cinikin kansa. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka je ka zauna a shagon, ka shigar da ciniki a Excel na ɗan lokaci. Za ka ga abubuwan da babu darasin YouTube da zai gaya maka. Ana sayen katan a sayar da rabi, ko a fasa a sayar ɗaiɗai. Farashin da ake ba mai shago daga Rigasa da ya shekara goma yana sari ba shi ake ba baƙo ba. Mutum zai biya rabi da tiransifa, wani kaso ta POS, saura ya ce sai Juma'a. Za a dawo da buhun da ya jiƙe. Farashi zai tashi alhali akwai tsohon kaya a sito. Wani lokaci Alhaji zai ce "a bar masa dubu biyun nan", kuma dole manhaja ta san inda za ta rubuta wannan yafiyar, in ba haka ba lissafi ba zai taɓa daidaita ba.

Daga nan ka riƙe ƙa'ida ɗaya: kada ka ajiye bashin mutum a matsayin lamba ɗaya da ake gogewa ana sake rubutawa. Ka rubuta kowane motsi a layinsa, ya karɓi kaya kaza ranar kaza a farashi kaza, ya biya kaza ranar kaza ta hannun wane, sai SQL ya tara ya fitar da abin da ya rage. Ranar da gardama ta tashi, kuma za ta tashi, Kawu ba jimilla yake so ba, so yake a karanto wa mutumin tun daga farko. In an yi kuskuren shigarwa, a rubuta sabon layin gyara, kada a goge tsohon. Wannan kuma yana kare yaran shago daga zargi, yana kare Kawu daga yaran shago.

Sai batun sabis. In ka ɗora manhajar a intanet, duk sanda sabis ya ɗauke ciniki ya tsaya, Kawu kuwa sau biyu zai jure wannan kafin ya jawo littafinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce sabar ta zauna a kan wata laftof a cikin shagon, wayoyin yaran su haɗu da ita ta Wi-Fi na cikin gida, ba a buƙatar data. Ana kuma iya sa shafi ya riƙa ajiya a cikin wayar sai sabis ya dawo ya tura, amma daidaita bayanan wayoyi biyu da suka yi ciniki a rabe aiki ne na wanda ya ƙware, ka bar shi zuwa gaba.

Wasu tarkuna kuma namu ne na Hausawa, masu rubuta darussa a Amurka ba su san da su ba. Lambar waya ka ajiye ta a matsayin rubutu, in ka ce lamba ce sifirin farko zai ɓace. Ka sa shafinka da rumbunka a kan tsarin haruffa na UTF-8, in MySQL ne ka zaɓi utf8mb4, don ƙ da ɗ da ɓ kada su koma alamar tambaya. A PHP, strlen zai ce maka "ƙwai" harafi 5 ne, domin ƙ tana cin gurbi biyu, strtoupper kuma zai bar ta ƙarama ya girmama sauran, sai ka yi amfani da mb_strlen da mb_strtoupper. Wajen bincike, yau an shigar da Ɗanladi da lanƙwasa, gobe wani yaron ya nemi Danladi babu ita, manhaja ta ce babu shi, sai a buɗe masa sabon shafi, bashinsa ya rabu biyu. Kai za ka rubuta ɗan kod ɗin da zai mai da ɗ ta zama d da ƙ ta zama k a lokacin nema kawai.

Mafi muhimmanci, ka gwada da suna irin Sa'idu ko Mu'azu ko Rabi'u. A SQL wannan 'yar waƙafin ta sama ita ke rufe rubutu, don haka in kana manna suna kai tsaye cikin umarni, Sa'idu na shiga manhaja za ta faɗi. Ƙofar da ta faɗi ta nan, ita ce ɓarayin intanet ke bi su karanta ko su goge rumbu gaba ɗaya. Maganin shi ne umarni mai gurbi, ka sa alamar tambaya a wurin sunan, ka miƙa sunan daban, duk yarukan nan suna da hanyar yin haka. Kada kuma ka dogara da binciken da HTML ke yi a fom, duk wanda ya san F12 zai cire shi cikin daƙiƙa. A sake bincikawa a sabar. In ChatGPT ne ya rubuta maka wani sashe, ba laifi, amma ka karanta shi da waɗannan idanun, don shi ma yakan manta da su in ba ka tuna masa ba.

Idan ka miƙa aikin, ka roƙi Kawu kada a ajiye littafin takarda tukuna, a riƙa rubutawa a wuri biyu har wata biyu ko uku, kowace Asabar a kwatanta. Kullum in za a tashi, fayil ɗin SQLite ya kwafu zuwa filashi da kuma Google Drive, da kwanan wata a sunansa, kada sabo ya danne tsoho. Kuma tun a makon farko ka ɗauki kwafin ka buɗe shi a wata kwamfuta daban, ka tabbatar masu bashin suna ciki.